Bayan ritaya: Zancen sabon tabarau da suturar dattijo

Dokar aikin gwamnati a Najeriya ta yanka wa ma'aikaci wa'adi: ranar da ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya cika shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ya miƙa makullan ofis. Dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta ɗaga wa malaman firamare da sakandare nasu wa'adin zuwa shekara 65, mu kuma a jami'a farfesa yakan kai 70 kafin ya ajiye alli. Abin da doka ta ce a ajiye shi ne kujera da albashi. Sai dai na daɗe ina lura da cewa da yawa daga cikin iyayenmu da malamanmu sukan haɗa da wasu abubuwa biyu da babu wanda ya nemi su ajiye, wato kula da idanunsu da kula da suturarsu. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa ganin hularsa da dauɗa ba, sai ka gamu da shi bayan shekara uku da barin aiki, rigarsa ta koɗe, an ɗaure hannun tabaransa da zare, yana miƙa wa jikansa waya don ya karanta masa saƙon banki.

Na san akwai mai karatun da zai ce maganar tabarau da kaftani zancen ƙoshi ne, a ƙasar da ɗan fansho kan yi watanni yana jiran haƙƙinsa, wani ma giratutinsa sai dai magada su karɓa. Ban raina wannan ƙorafi ba, kuma zan dawo kansa. Amma ina da dalilin ɗaukar maganar da muhimmanci. Dattijon da ya daina gani da kyau yakan daina karatu, ya daina tuƙi, ya daina duba lissafin kuɗinsa da kansa. Wanda suturarsa ta daina yi masa daɗi kuwa yakan fara ƙaurace wa ɗaurin aure da zaman majalisa, don kada tsofaffin abokan aiki su ga yadda ya koma. Ta waɗannan ƙofofi biyu kaɗaici ke shiga gidan wanda ya yi ritaya, alhali sau da yawa kuɗin rufe su bai kai na ragon suna ba.

Abin da shekaru ke yi wa ido

A cikin idon ɗan Adam, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai laushi. Idan mutum zai dubi abu na kusa, wasu ƙananan tsokoki ne ke sa madubin ya ƙara kauri har hoton ya fito sarai. Tun daga ƙuruciya madubin ke ƙara tauri sannu a hankali, amma sai wajen shekara 40 zuwa 45 mutum ke farga, lokacin da ya ga sai ya nesanta takarda da fuskarsa kafin ya iya karantawa. Ni kaina na shigo wannan zango, kuma takardun jarrabawar ɗalibai masu ƙananan rubutu ne suka fara sanar da ni. Taurin yakan ci gaba har wajen shekara 60 zuwa 65. Ashe ke nan shekarun ƙarshe na aikin mutum su ne shekarun da lambar tabaransa ke ta sauyawa, don haka tabaran da aka yanka masa yana mataki na 12 da wuya ya ci gaba da yi masa aiki ranar da zai sauka daga kujerar darakta.

Wannan sauyi ɗan'uwan furfura ne, kowa ya daɗe zai gan shi, kuma maganinsa tsoho ne. Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda haske ke shiga ido a littafinsa Kitabul Manazir, a ƙarshen ƙarni na 13 kuma aka fara ƙera tabarau a Italiya. Duk da haka, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani, kuma sama da miliyan 800 daga cikinsu tabaran karatu kawai suka rasa. Rashin nasa kuwa asara ce ta aljihu. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an raba wa masu tsinkar ganyen shayi a Jihar Assam ta Indiya tabaran karatu, sai yawan ganyen da suke tsinka a rana ya ƙaru da kimanin kashi 22 cikin 100. A auna wannan da tela, da mai ɗinkin hula, da tsohon akawun da ya koma riƙe littafin kuɗin wata makarantar unguwa don ya cike giɓin fansho.

Gwaji kafin saye

Da a ce taurin madubi ne kaɗai ke damun idon dattijo, da magana ta ƙare a kan tiren mai tallan tabarau. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, wanda aka duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kuwa 2.8. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Abin da ya fi ci mini rai a sakamakon shi ne kashi 84 cikin 100 na makantar irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar.

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, shi ya fi cancantar a ji tsoro. Sunan da muka ba shi ma yana ruɗarwa, domin ba jini ke hawa ba. Galibi ruwan da ke zagayawa cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya riƙa cin jijiyar gani. Yakan faro daga gefe-gefen gani, babu zafi, babu ja, har mutum ya wayi gari kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu. Abin da ya ci ba ya dawowa, ko da magani ko da tiyata. Abin da ya rage kawai ake cetowa. Ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, yana kama mu da wuri, kuma yana bin dangi. Binciken nan na ƙasa ya samu cutar a jikin kimanin mutum 5 cikin kowane 100, kuma fiye da kashi 90 daga cikinsu ba su san suna ɗauke da ita ba. Mai wannan cuta zai iya sayen tabaran karatu a bakin kasuwa, ya buɗe jarida ya ga rubutu tangaram, ya koma gida yana murna, cutar na can tana aikinta.

Yanar ido kuwa tana da wata dabara da ke yaudarar mutane. Wani lokaci idan ta fara, sai dattijon da ya shekara ashirin da tabaran karatu ya ga yana iya karatu ba tare da shi ba, iyali su yi ta murna wai idon Baba ya dawo. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa madubin cikin ido ya fara gurɓacewa. Abin farin ciki shi ne aikin yana a asibiti gajere ne: a cire madubin da ya dushe, a sa na roba a gurbinsa. Abin gudu shi ne masu aikin gargajiya da ke zagaya ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da allura, domin mafi yawan idanun da aka yi wa haka a makance suke ƙarewa. Haka nan mai ciwon sukari yana buƙatar a duba bayan idonsa duk shekara, domin ciwon yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke wurin tun kafin gani ya ragu. Sannan a guji ɗiga maganin idon da aka saya a kemis ba da umarnin likita ba, saboda wasu daga cikin masu saurin kwantar da ƙaiƙayi suna ɗaga matsin ido idan aka daɗe a kansu.

Zan yi wa tabaran tire adalci. Ba ya lalata ido, kamar yadda tabaran asibiti ma ba ya raunana shi. Jita-jitar nan ta cewa wanda ya fara sa gilashi idonsa zai mutu ba ta da tushe. Ga mutumin da idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma an tabbatar ba shi da wata cuta, na tire zai iya wadatar da shi wajen karatu. Aibinsa shi ne ana ƙera shi da lamba ɗaya dama da hagu, alhali idanun mutane da yawa ba su daidaita ba, kuma yana sa mutum ya ga kamar ba ya buƙatar zuwa asibiti. Wuraren zuwa kuwa ba su ɓuya ba. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa a Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, ban da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke da rajista.

Wanda ya je, kada ya yarda a tsaya a karanta haruffan jikin bango. Ya nemi a gwada kowane ido daban, na nesa da na kusa, a auna matsin ido, sannan a leƙa bayan idon. Wannan na ƙarshe yakan buƙaci a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani ya dushe na 'yan sa'o'i, don haka ranar gwaji ba ranar tuƙi ba ce, a tafi da ɗan rakiya. Mai ciwon sukari ya bari sukarinsa ya daidaita kafin a auna masa lamba, domin hawa da saukar sukari na sauya ta. Wanda aka yi wa aikin yana kuma ya jira makonni huɗu zuwa shida kafin ya yanka sabon gilashi. Yana da kyau mutum ya tafi da tsohon tabaransa da abin da ya fi karantawa, ko Alƙur'aninsa ne ko wayarsa, ya nuna wa mai gwajin tazarar da yake riƙe su.

Takarda, gilashi da firam

Takardar da za a rubuta bayan gwaji haƙƙin mai ido ce, ya karɓe ta ya adana, ko da a wurin zai sayi tabaran. Lambar da ke ƙarƙashin SPH ita ce ƙarfin gilashin, da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabanta. CYL da AXIS na wanda gaban idonsa ya ɗan yi siffar ƙwai ne maimakon ƙwallo. ADD shi ne ƙarin da ake yi domin karatu, wanda yakan faro daga wajen +1.00 ya kai wajen +2.50 a shekarun ritaya. Akwai kuma PD, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu da milimita. Idan aka kuskure ta, ko lamba ta yi daidai mutum zai yi ta fama da ciwon kai.

Daga nan sai zaɓen irin gilashin. Akwai na karatu zalla, wanda ya fi araha kuma ya fi faɗin wurin gani, sai dai dole a cire shi idan za a dubi nesa. Akwai mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa, da layi a tsakani. Akwai kuma marar layi, wanda aka fara sayarwa a Faransa a 1959, ƙarfinsa na sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Shi ya fi kyan gani a fuska, shi ya fi tsada, kuma yakan ɗauki kwanaki ko mako biyu kafin a saba da shi, domin gefensa na ɗan karkatar da abubuwa. Masu hawa biyu da marasa layi suna da haɗari guda da ya kamata a faɗa wa kowane dattijo: ɓangaren ƙasa na karatu ne, saboda haka yana dusar da ƙasan da mutum ke takawa. Wajen sauka daga bene ko tsallaka kwata, a sunkuyar da kai a duba ta saman gilashin. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi sosai, ya fi masa aminci ya mallaki guda biyu, na tafiya daban, na karatu daban. Karayar ƙugu a shekara 70 ba ƙaramin al'amari ba ne.

Masu shago za su yi tayin ƙare-ƙare iri-iri, kowanne da kuɗinsa. Rufin da ke rage ƙyalli yana da amfani ga mai tuƙin dare. Gilashin da ke yin duhu a rana yana hutar da ido, amma a sani cewa ba ya yin duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaban mota na tare hasken da ke sa shi ya sauya, kuma a tsananin zafi irin na watan Afrilu duhunsa kan ragu. Shi kuwa wanda ake cewa yana tare shuɗin hasken waya da kwamfuta, nazarin da aka yi a 2023 a kan gwaje-gwajen da suka gabata bai samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Ɗan fansho zai iya barin wannan kuɗi a aljihunsa. Abin da ya fi tsawaita ran tabarau kyauta ne: a ɗauraye shi da ruwa kafin a goge, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke kwanciya a kansa, kada a goge shi da hannun riga mai sitati, kada a bar shi a gaban mota cikin rana, kuma a mayar da shi gidansa lokacin alwala da barci.

Firam shi ne wurin da lafiya ta haɗu da ado. Faɗinsa ya yi daidai da faɗin fuska, ƙwayar ido ta zauna kusa da tsakiyar gilashi, kuma kada ya zame idan an sunkuya, domin mai salla yana sunkuyawa sau da yawa a yini. Wanda zai sa marar layi yana buƙatar firam mai ɗan tsawo daga sama zuwa ƙasa, don wurin karatu ya samu fili. Ƙarfe mai araha yakan yi kore da gumi, wani ma ya sa fata ƙaiƙayi, nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ke tabbata. Shawarata ga mai zaɓe ita ce ya je da hular da ya fi sawa, ita kuma Hajiya da irin ɗaurin ɗankwali ko hijabin da ta saba, domin tare za a riƙa ganinsu, kuma hannun tabarau ta ƙarƙashinsu zai bi. Tun da gilashin gwaji ba shi da lamba, mutum ba zai ga kansa sosai a madubi ba, sai a ɗauke shi hoto da waya, ya mayar da tsohon tabaransa ya duba. Kuma babu dokar da ta ce dattijo sai baƙin firam. Ruwan ƙasa da ruwan zuma da ruwan azurfa duk suna karɓar furfura.

Suturar da ta dace da sabon zango

Wanda ya gyara ganinsa, abu na farko da zai gani shi ne wuyan rigarsa. Aikin gwamnati, duk da gajiyarsa, yana yi wa mutum wata hidima da ba ya lura da ita: yana tilasta masa wanka da shiri kowace safiya. Ranar da aiki ya ƙare, wannan tilas ta tafi. Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka yi rayuwarsu cikin kaki ko fararen kayan asibiti, soja da ɗan sanda da jami'in kwastan da ma'aikaciyar jinya, waɗanda shekara 35 hukuma ce ke zaɓa musu abin da za su sa. Irin waɗannan sai sun koyi zaɓen sutura kamar sabon darasi. Na san wani tsohon shugaban makarantar sakandare da ya ɗora wa kansa doka bayan ritaya: kafin ƙarfe takwas ya yi wanka, ya sa kaftani da hula, ko da iyakar tafiyarsa ranar zaure ne. Ya ce mini ranar da ya wuni da singileti, zuciyarsa ma a kwance take wuni. Har yau shi ake kira idan za a sasanta rikici a unguwarsu.

Al'adarmu tana da kunya game da adon tsoho. Da zarar dattijo ya fito fes, sai a fara raɗa cewa budurwar zuciya ce ke damunsa, ko aure yake nema. Dattijuwa kuwa sai a ce ta ƙi yarda da girma. Ina ganin mun cakuɗa abubuwa biyu. Ƙawa ta gasa da samari daban, tsafta da kintsi daban, kuma tarihinmu na kusa cike yake da misalan na biyun. Malam Aminu Kano da farin yadi da jar hula aka san shi, babu tsada a jikinsu, amma babu wanda ya taɓa cewa bai yi kwarjini ba. Alhaji Shehu Shagari ya rayu shekara 35 bayan juyin mulkin 1983, kuma har ya rasu a 2018 doguwar hularsa da tabaransa ba su bar shi ba, hular ma da sunansa ake kiranta. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya rasa ganinsa a ƙarshen rayuwa, amma bai daina fitowa taro cikin cikakkiyar shiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 2017. Kowannensu ya samu kamar da ta dace da shi, ya riƙe ta.

Wannan shi ne sirrin, kuma yana da sauƙi a aljihu. Ɗan fansho ba ya buƙatar cika akwati. Kaftani huɗu ko biyar na yadi mai shan iska, waɗanda aka ɗinka daidai jikinsa na yau, sun fi shadda goma da aka ɗinka lokacin da yake da tumbin ofis. Jiki yana sauyawa bayan shekara 60, kafaɗa kan rage, wuya kan saki, don haka a koma wurin tela a sake awo. Tsohuwar babbar riga ta shadda mai kyau, tela gwani zai iya fitar da kaftani daga cikinta. Farar da ta dafe ana iya kai ta rini, a kai ta bugu, ta dawo da ƙyallinta. Marinar Ƙofar Mata da ire-irenta ba don 'yan yawon buɗe ido kaɗai suke ba. Babbar riga mai nauyin aiki, irin su aska takwas, a bar ta ga Juma'a da Salla da ɗaurin aure. Hula biyu ko uku da ake kai wa masu wankin hula a kan kari, ko kube ce ko zanna ko dara, sun isa. Wando kada ya ja ƙasa, takalmi ya kama dunduniya kuma ƙasansa ya zama marar santsi, domin silifa a kan tayil mai ruwa ta kwantar da dattawa da yawa.

Ga iyayenmu mata, babban mai cinye fansho shi ne anko. Kowane biki da atamfarsa ko leshinsa, a sa sau ɗaya a jefa cikin akwati. Wadda ta yi wa ƙasa hidimar shekara 35 a aji ko a ɗakin haihuwa ta kai matsayin da za ta ce ba za ta yi ba, ta fito da tata atamfar mai kyau da mayafin da ya dace da ita, kuma babu wanda zai raina ta. Kuɗin anko biyu zai iya biyan gwajin ido har da gilashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da yake gani a jikin dattijo shi ne wanki da guga da dacewa, kafin ya tambayi kuɗin yadi a Kantin Kwari.

Nauyin da ke kanmu

Yanzu sai in koma ga ƙorafin da na faro da shi. Gaskiya ne, wanda bai karɓi fansho ba wata shida, abinci da magani ne a gabansa. Tun daga dokar garambawul ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2014 ake alƙawarin cewa wahalar 'yan fansho ta ƙare, amma a jihohi da dama har yanzu ana ganinsu a layi cikin rana ana tantance su. Sai dai wannan hujja ce a kan masu riƙe da haƙƙinsu, kuma tana ƙara nuna inda ya kamata a taimaka. Tun da ana tara dattawan nan wuri guda domin tantancewa, me zai hana a ajiye ma'aikatan ido a gefe su auna musu matsin ido? Me zai hana gwajin ido ya shiga cikin bitar da ake yi wa masu shirin barin aiki? Ƙungiyoyin 'yan fansho da na tsofaffin ɗalibai za su iya shirya irin wannan da asibitocin da ke kusa da su, ko da sau ɗaya ne a shekara, a Ranar Gani ta Duniya da ake yi Alhamis ta biyu ta watan Oktoba.

Sauran nauyin yana kanmu, mu 'ya'ya da ɗalibai. Mun iya aika shadda da turmin atamfa idan Salla ta matso, kuma hakan abu ne mai kyau. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yaushe rabon Baba ko Inna da gwajin ido. Dattawanmu ba su cika kai kuka ba; sai su ce rubutun zamani ne ya ƙanƙance, ko wutar ɗakin ce ba ta da haske. Idan ka ga mahaifinka ya daina buɗe littafin da ya saba, ko mahaifiyarka ta daina tsintar shinkafa da kanta, ko ɗayansu yana cin karo da kujerar da ke gefensa, to lokaci ya yi. Ka ware rana guda, ka kai su da kanka, ka zauna har a gama, ka taya su zaɓen firam, a kan hanyar dawowa ku biya wurin tela. Idan kuma aka samu hawan jinin ido a jikin ɗayansu, kai ma ka zauna a kujerar gwajin kafin ku bar wurin, domin cutar gado ce.

Mu da muke tsakiyar aiki a yau, layin nan muke bi. Yadda muka saba wa kanmu da gwajin ido duk shekara ɗaya ko biyu tun daga shekara 40, da yadda muka koyi wadatuwa da sutura kaɗan mai tsafta, shi zai nuna irin dattawan da za mu zama. Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya bar su da idanunsu da mutuncinsu, mu kuma Ya sa mu gama lafiya.